Gyaran kicin na tsohon gida

Gyaran kicin na tsohon gida shi ne aikin sabunta ɗakin girki a gidan da ya daɗe da ginawa, ko dai gaba ɗayansa ko wani sashe nasa. Aikin yakan haɗa da sauya kabad da teburin aiki da tayil da fenti, da kuma abubuwan da ido ba ya gani: bututun ruwa, magudana, wayoyin lantarki da layin gas. A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa da Ostareliya, masu gidaje da yawa sukan yi wani ɓangare na aikin da hannunsu maimakon su ɗauki ɗan kwangila. Ana kiran wannan al'ada "yi da kanka", a Turance kuma ana taƙaita ta da haruffan DIY.

Kicin ya fi kowane ɗaki a gida wuyar gyara, domin a nan ne ruwa da lantarki da wuta da gas suke haɗuwa a wuri ɗaya ƙarami. A tsohon gida wahalar takan ƙaru, saboda an ja waɗannan layuka ne a zamanai daban-daban, kowanne bisa ƙa'idar lokacinsa, kuma wasu kayan da aka yi ginin da su an gano daga baya cewa suna da guba. Shi ya sa mafi yawan kuɗi da haɗarin aikin suke ɓoye a bayan bango da ƙarƙashin daɓe, kabad da fenti kuwa su ne sashe mafi sauƙi.

Tarihi

Kicin irin wanda aka sani yau, mai kabad a jere a jikin bango da teburin aiki dogo wanda ya haɗe su, bai kai tsufan da mutane suke zato ba. Har farkon ƙarni na 20, kicin a gidajen Birtaniya da Amurka ɗaki ne mai murhun gawayi ko itace, da babban tebur a tsakiya, da kayan ajiya masu zaman kansu da ake iya ɗauka a sauya musu wuri. Sau da yawa a bayan gida yake ko a ƙarƙashin ƙasa, nesa da inda ake zama, domin 'yan aiki ne suke girki a gidajen masu hali.

A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ƙaramin kicin domin sababbin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Faɗinsa mita 1.9 ne, tsawonsa mita 3.4, kuma an girka irinsa kusan 10,000. Ta auna yawan takun da mai girki take yi tsakanin murhu da wurin wanke-wanke da ma'ajiya, sannan ta jera komai yadda hannu zai kai gare shi ba tare da yawo ba. Ana ɗaukar wannan kicin na Frankfurt a matsayin kakan kicin na zamani. A shekarun 1940 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ƙa'idar da ake kira kusurwa uku ta aiki, wato alaƙar da ke tsakanin murhu da sinki da firji, wadda har yanzu ake koyar da ita.

Ma'anar wannan ita ce, a yawancin gidajen da aka gina kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba a tsara kicin ɗin domin firji da injin wanke kwanuka da tanda mai lantarki ba. An yi ta cusa masa su ne daga baya, sau biyu ko uku, kuma kowane mai gyara yakan bar nasa aikin a kan na wanda ya gabace shi.

Al'adar yi da kanka ta bunƙasa ne bayan yaƙin, lokacin da mallakar gida ta yawaita kuma ladan masu sana'a ya yi tsada. A Birtaniya, Barry Bucknell ya yi suna a talabijin na BBC, inda a 1962 ya gyara wani tsohon gida a unguwar Ealing ta Landan a gaban masu kallo. Abin dariya shi ne yawancin abin da ya koyar, kamar rufe tsofaffin ƙofofi masu ado da falankin katako mai santsi, shi ne masu gyara na baya suka yi ta ɓamɓarewa. An buɗe shagon B&Q a Southampton a 1969, kamfanin Home Depot kuma ya buɗe shagunansa na farko a Atlanta a 1979. A wannan shekarar ne tashar WGBH ta Boston ta fara shirin This Old House, wanda ya soma da gyaran wani tsohon gida a unguwar Dorchester.

Bincike kafin a fara

Kafin a ɗaga guduma akan fara da sanin shekarun gidan, domin shekarar gini ita ce take nuna irin abin da za a iya tararwa a ciki. Sannan akan gano inda ake rufe ruwa da gas da lantarki na gidan baki ɗaya, a gwada a tabbatar suna rufuwa. Tsohon makullin ruwa da ya shekara ashirin ba a murɗa shi ba yakan ƙi motsi ko ya karye a hannu, kuma gara a san haka tun bututu bai fashe ba.

Akan leƙa ƙarƙashin sinki a nemi alamar yoyo da ruɓaɓɓen katako, a ɗaga wani gefe na shimfiɗar ƙasa a ƙirga layukan da ke ƙarƙashinta, a buɗe ƙaramin rami a bango a inda kabad zai rufe a ga abin da ke ciki. Masu sana'ar sukan ba da shawarar a ware kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin aikin domin abin da zai ɓullo bayan an fasa. A tsohon gida, na saman ya fi kusa da gaskiya.

Gubar dalma

An daɗe ana zuba dalma a fenti domin ta sa shi ƙarko da saurin bushewa, musamman fenti mai sheƙi da ake shafa wa ƙofofi da tagogi da kabad na kicin. Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, Birtaniya kuma ta hana sayar da shi ga jama'a a 1992. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta cewa kashi 87 cikin ɗari na gidajen da aka gina kafin 1940 suna da fentin dalma, da kashi 69 na waɗanda aka gina tsakanin 1940 da 1959, da kashi 24 na tsakanin 1960 da 1977.

Fentin da yake zaune lafiya a jikin bango ba shi da haɗari sosai. Matsalar takan taso ne idan an kankare shi, ko an goge shi da sanfefa, ko an ƙona shi da wuta, domin a lokacin ne yake zama ƙura mai laushi da take sauka a kan tebur da kwanuka da ƙasan da yara suke rarrafe. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar ƙananan yara da ɗan tayi, tana rage basira, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba shi da illa. Masu karatu a Najeriya sun san tsananin wannan guba daga abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu. A can dalmar ta fito ne daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura, hannu, baki.

Ana iya gwada fenti da kayan gwaji na shago, ko a aika ɓarɓashinsa ɗakin bincike, wanda ya fi inganci. Idan an sami dalma, hanya mafi sauƙi ita ce a rufe ta da sabon fenti ko a cire katakon gaba ɗaya ba tare da an kankare shi ba. Idan kankarewa ta zama dole, akan jiƙa wurin tukuna, a rufe ƙofofi da ƙasa da leda mai kauri, a sa takunkumi mai tace ƙura, a fitar da yara da masu juna biyu daga gidan, sannan a goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya. Tun daga 2010 dokar Amurka ta tilasta wa 'yan kwangila masu aiki a gidajen da aka gina kafin 1978 su sami horo a kan wannan. Dokar ba ta hau kan mai gida da yake gyara gidan da yake zaune a ciki ba, saboda haka wanda ya fi ƙarancin sani shi ne wanda babu mai duba aikinsa.

Asbestos

Asbestos wani ma'adini ne mai zare-zare wanda wuta ba ta cinsa, shi ya sa aka yi ta sa shi a kayan gini a tsakiyar ƙarni na 20. A kicin akan same shi a tsofaffin tayil na roba, musamman masu faɗin inci 9, da baƙin gam ɗin da aka manna su da shi, da takardar da ke bayan ledar shimfiɗa ƙasa, da allunan da ke kewaye da murhu da tukunyar dumama ruwa, da silin, da abin da aka naɗe bututu da shi. Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai kuma a 2005. Saboda haka a Birtaniya akan ɗauka cewa duk ginin da ya riga shekarar 2000 yana iya ƙunsarsa.

Idan aka fasa shi ko aka huda shi ko aka yanka shi, yakan saki zaruruwan da ido ba ya gani, su shiga huhu su zauna. Cututtukan da yake jawowa, wato tabon huhu da sankarar huhu da sankarar fatar da ta lulluɓe huhu, ba sa bayyana sai bayan shekaru 20 zuwa 40 ko fiye. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya tana ƙiyasta cewa har yanzu yana kashe mutane kusan 5,000 a shekara a ƙasar. Ba a gane asbestos da ido, sai da gwaji. Idan tsohon tayil bai farfashe ba, sau da yawa mafi aminci shi ne a bar shi a shimfiɗa sabo a kansa. Cire irin wanda yake marmashewa aikin masu lasisi ne.

Akwai wata ƙura kuma da ta shafi sababbin kaya. Yankan dutsen tebur na haɗi, wanda ake yi da garin ma'adinin kwaz da gam, yana fitar da ƙurar silika mai lalata huhu, har Ostareliya ta hana wannan dutse daga watan Yulin 2024. Ba a yanka shi a gida a bushe.

Lantarki

Gidajen Amurka da aka ja wa wuta tsakanin shekarun 1880 da 1930 sukan kasance da wayoyi biyu a ware, waɗanda aka ɗaura a kan 'yan ƙulle-ƙullen tangaran, babu wayar ƙasa ta kariya. A Birtaniya, kafin shekarun 1960, an yi amfani da waya mai rufin roba wadda takan bushe ta dinga marmashewa da zarar an taɓa ta. Daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 kuma, da tagulla ta yi tsada, an ja wa gidaje da yawa a Amurka wayar alminiyam, wadda takan saki a mahaɗa ta yi zafi har ta iya ta da gobara.

Ko wayar tana da lafiya, an ja ta ne domin ƙwan fitila da rediyo da wataƙila dutsen guga. Kicin na yau yana da butar lantarki da injin ɗumama abinci da tanda da firji, kuma butar lantarki kaɗai tana iya jan wat 2,000 zuwa 3,000. Ƙa'idar lantarki ta Amurka tana buƙatar aƙalla layuka biyu masu amfiya 20 domin soket ɗin teburin kicin, ban da na manyan na'urori. Tana kuma buƙatar na'urar da take yanke wuta nan take idan ta fara bi ta jikin mutum ko ta ruwa. A Turai irin wannan na'ura takan yanke ne idan wutar da ta kauce ta kai miliamfiya 30.

Lokacin da bango yake buɗe shi ne lokacin da sauya waya ya fi arha. Wanda ya manna sabon tayil a kan tsohuwar waya zai fasa shi idan ta ba da matsala. Mai gida yana iya tsara inda yake son soket da fitilu, ya fasa hanyar waya a bango, amma haɗa sabon layi da akwatin rarraba wuta aikin ƙwararren mai wayarin ne. A Ingila da Wales, tun daga 2005 dokar gini ta shafi aikin lantarki na cikin gida, kuma dole a sanar da hukuma ko a ɗauki mai rajista idan za a ja sabon layi ko a sauya akwatin.

Ruwa da magudana

Tsofaffin gidaje sukan kasance da bututun dalma ko na ƙarfe mai rufin tutiya. Na dalma launin toka ne, yana da laushi, idan aka karce shi da tsabar kuɗi sai ya yi sheƙi, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Birtaniya ta daina sa shi a sababbin gidaje a kusan 1970, Amurka ta hana shi a 1986. Tunda a famfon kicin ake ɗiban ruwan sha da na girki, sauya shi ya fi kowane ado muhimmanci. Na ƙarfe kuwa tsatsa take cinye shi daga ciki har ramin ya tsuke, ruwa ya rage ƙarfi ya yi ja. Idan aka haɗa shi kai tsaye da bututun tagulla, mahaɗar takan ci da sauri.

Magudana ita ce take yanke hukuncin inda sinki zai zauna. Ruwan datti yana tafiya ne da gangara, kusan santimita 2 a kowace mita, saboda haka matsar da sinki zuwa wani bango yana iya nufin fasa daɓe ko huda katakon da ke ɗauke da ƙasa. Barin sinki da murhu a inda suke ita ce hanya mafi girma ta rage kuɗin aiki. A ƙarƙashin kowane sinki ana sa lanƙwasasshen bututu mai riƙe ɗan ruwa, wanda yake tare wari da iskar masai daga dawowa cikin ɗaki.

Gas da hayaƙi

A nan dokoki suka fi tsanani. A Birtaniya, duk mai yin aikin gas a matsayin sana'a dole ya kasance cikin rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009, kuma shawarar hukuma ga masu gida ita ce kada su taɓa layin gas da kansu. Mahaɗar da ba ta ɗauru ba tana kawo fashewa. Murhun da ba ya samun isasshiyar iska kuma yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi kuma tana kisa.

Tsohon kicin yana shan iska ta bututun hayaƙi da tsagogin taga da ƙarƙashin ƙofa. Idan aka toshe waɗannan da sababbin tagogi masu matsewa, tururin girki ba shi da mafita, sai ya kwanta a bango ya kawo fumfuna. Dokar gini ta Ingila tana neman fankar da take fitar da lita 30 ta iska a daƙiƙa idan tana saman murhu, ko lita 60 idan tana wani wuri a ɗakin. Fankar da take tace iska ta maido ta cikin ɗaki tana rage maiƙo da wari, amma ba ta fitar da danshi.

Bango da daɓe

Babban abin da masu gyara suke sha'awa a yau shi ne rushe bangon da ya raba kicin da falo. Wasu bangaye rabe-rabe ne kawai, wasu kuwa suna ɗauke da nauyin bene ko rufi, kuma ba koyaushe ake ganewa da ƙwanƙwasawa ba. A tsohon gida, bangon da ba a gina shi domin ɗaukar nauyi ba yana iya zama yana ɗauka bayan shekaru, saboda katakon sama ya sauko ya kwanta a kansa. Ba a rushe bango sai injiniyan gini ya duba ya faɗi girman ƙarfe ko katakon da zai maye gurbinsa.

Gidajen Birtaniya na kafin shekarun 1920 yawanci bango ɗaya ne cunkus, an gina shi da bulo ko dutse da kwaɓin farar ƙasa. Irin wannan bango yana shan danshi kuma yana sakinsa. Idan aka yaɓe shi da siminti ko aka shafa masa fentin roba, danshin yakan maƙale a ciki, ya fito ta wani wuri, ya ruɓar da katako. Masu kula da tsofaffin gine-gine suna ba da shawarar a gyara da irin kayan da aka yi ginin da su. Haka kuma akan fara neman asalin danshin, ko indararo ne da ya karye, ko ƙasar waje ce ta fi ta ciki tudu, ko yoyon bututu ne, kafin a rufe wurin da kabad.

Da wuya a sami tsohon ɗaki mai daidaitaccen daɓe ko kusurwa madaidaiciya. Tayil ba ya jure ƙasar da take motsi, saboda haka ƙasar katako sai an ƙarfafa ta kafin a manna shi.

Jerin aiki da awo

Jerin da aka saba bi shi ne daga mai ƙazanta zuwa mai tsabta, daga ɓoyayye zuwa na fili. Akan fara da fasawa da kwashe shara, sai gyaran ginin kansa, sai jan bututu da waya yayin da bango yake buɗe. Bayan an gwada su sai a rufe bango a yi filasta, a daidaita ƙasa, a yi fentin farko. Sannan kabad, sai teburin aiki, sai tayil ɗin bango, sai a haɗa famfo da soket da murhu. Ba a auna teburin dutse sai kabad sun zauna daram, domin kuskuren santimita ɗaya ba ya gyaruwa a dutse. Tsallake lokacin bushewar filasta ko simintin daɓe kuskure ne da ya yawaita, kuma sakamakonsa fenti mai ɓawo da katako mai kumbura.

Tsawon teburin aiki daga ƙasa kusan santimita 90 ne, zurfinsa kusan 60, kuma akan bar kusan santimita 45 zuwa 50 tsakaninsa da kabad na sama. A ƙa'idar kusurwa uku, kowane gefe yakan kasance tsakanin mita 1.2 da 2.7, jimillarsu kuma kada ta wuce kusan mita 8. Wannan ƙa'ida an yi ta ne da tunanin mai girki ɗaya, kuma ba kowane tsohon ɗaki ne yake karɓarta ba, musamman mai ƙofofi uku da taga ƙasa-ƙasa.

Wajen girka kabad, akan fara neman wuri mafi tudu a ƙasan ɗakin, a auna daga nan a ja layi madaidaici a kewaye bango, sannan a ɗaga sauran kabad ɗin su kai layin da ƙafafu masu murɗawa ko 'yan gutsattsarin katako. Akan fara daga kusurwa. Kabad na sama yana ɗaukar nauyin tangaran mai yawa, saboda haka dole kusoshinsa su shiga bulo ko ginshiƙin katakon da ke cikin bango, domin tsohuwar filasta ita kaɗai ba ta riƙe komai.

Ba kowane gyara ne yake buƙatar fasawa ba. Tsofaffin kabad na katako zalla sukan fi sababbi na garin katako ƙarko, kuma sauya musu ƙofofi da mariƙai da fenti yakan wadatar. A Ingila kuma, idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, sauya abin da ya shafi asalinsa ko da a ciki ne ba tare da izini ba laifi ne a doka.

A ƙasar Hausa

A gidan gargajiya na Hausa, madafa ba ta cikin ɗakunan kwana. Akan yi ta a wani gefe na tsakar gida, ɗan ɗaki ko rumfa, da murhu na duwatsu uku, kuma yawancin girki a waje ake yinsa idan ba damina ba. Gyaran da ake yi a tsofaffin gidajen Kano da Zariya da Katsina da Damagaram yawanci mayar da wannan madafa ne zuwa kicin mai tayil da famfo da tukunyar gas, ko mayar da wani ɗaki kicin. Akasari magini da kafinta da mai wayarin ake kira, mai gida ko uwargida kuma su sayo kaya su tsaya a kan aikin, saboda haka sanin jerin aiki ya fi amfani a nan fiye da iya riƙe zarto.

Matsalar bango mai shan danshi ta shafi ginin ƙasa kai tsaye. Bangon tubali da aka saba yaɓewa da ƙasa da makuba, idan aka lulluɓe shi da siminti da tayil sannan aka ja famfo a jikinsa, ƙaramin yoyo yana iya jiƙa shi daga ciki ba a sani ba har gindinsa ya zaizaye. Ya fi kyau a bar bututu a fili inda za a ga yoyo, a kuma ja ruwan wanke-wanke ya yi nisa da gindin bango. Inda rufin azara ne, akan duba ko gara ta ci ta, domin kunkunniyar shekaru takan ɓoye ɓarnar. Gidajen bulo na shekarun 1960 zuwa 1990, kamar kwatas na ma'aikata, da yawansu suna da silin ko rufin asbestos, kuma akan ga ana farfasa shi da guduma ba takunkumi, yara suna wasa da gutsattsarin.

Sauyawa daga itace zuwa gas yana rage hayaƙin da mata da yara suke shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutane kusan miliyan 3.2 a 2020. Sai dai gas na tukunya ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, taga ta sama ba ta fitar da shi. Saboda haka akan bar kafar iska kusa da ƙasa, a ajiye tukunyar a tsaye nesa da wuta, in da hali a waje cikin inuwa, a kuma gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu: idan ya yi kumfa, akwai yoyo. Idan aka ji warin gas, akan rufe tukunyar a buɗe ƙofa da taga, ba a kunna ashana, ba a kuma taɓa makunnin lantarki.